Kwaɗayin Abinci: Jiki Ne Yake Roƙo, Ko Zuciya?

A wata shekara mun sha fama da ɓacewar alli a aji huɗu. Kowace safiya mukan ajiye guda uku ko huɗu a gindin allo, kafin a tashi sai mu tarar saura ɗaya. Da fari mun zaci yara maza ne suke kwashewa su je su yi zane a bangon mutane. Muka yi faɗa, muka yi kashedi, har muka sa wani yaro ya share filin makaranta kwana biyu a kan laifin da ba nasa ba. Ran nan sai muka hangi wata yarinya 'yar shekara goma ta sunkuya ƙarƙashin benci tana tauna wani abu. Da ta ɗago kai, ga leɓunanta fari fat. Muka tambaye ta, sai ta fashe da kuka, ta ce, "Malam, ban san abin da yake sa ni ba. In na ji ƙanshinsa ba na iya haƙuri."

Da bulala muka yi niyyar gama maganar. Abin da ya hana mu shi ne tafin hannunta, gama sa'ad da ta miƙo shi sai muka ga ya ɗashe, ba alamar jini a ciki. Muka aika aka kira mahaifiyarta, aka kai ta asibiti. Can aka tarar tana da tsutsar ciki, jininta kuma ya ragu ƙwarai. Aka ba ta maganin tsutsa da ƙwayoyin ƙarin jini. Kafin hutu ya zo ta daina waiwayar alli, ba tare da kowa ya ƙara yi mata faɗa ba.

Tun daga ran nan muke ta juya wannan tambaya. Sa'ad da ran mutum ya biya da wani abinci, har ya kasa sukuni sai ya ci, jikinsa ne yake faɗa masa abin da ya rasa, ko kuwa zuciya ce kawai take rawa? Maganar ba ƙarama ba ce a gidajenmu. A kanta miji da mata mai ciki sukan sami saɓani. A kanta ake dūkan yaron da asibiti ya kamata a kai shi, a kuma shagwaɓa wanda horo ya kamace shi. A kanta kuma kuɗin cefane yakan zurare ba a sani ba.

Yunwa dabam, kwaɗayi dabam

Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan wuri ba. Akwai yunwa, akwai marmari, akwai kwaɗayi, akwai kuma ƙawa, kamar yadda akan ce wane yana ƙawar nama. Mai jin yunwa ba ya zaɓe. Ka ba shi ɗumamen tuwo da miyar kuka, zai ci ya gode. Mai kwaɗayi kuwa abu ɗaya tak yake so. In tsire ne, to, ko ka cika masa kwano da shinkafa ba ka yi kome ba. Yunwa takan zo a hankali, tana ƙaruwa, ba ta tafiya sai an ci. Kwaɗayi yakan faɗo wa mutum farat ɗaya, sau da yawa bayan ya ƙoshi, in kuma hankalinsa ya koma kan wani aiki sai ya wuce.

Kusan kowa ya san shi. A shekarar 1991 aka tambayi ɗalibai sama da 1,000 a wata jami'a ta ƙasar Kanada. Kashi 97 cikin ɗari na matan da kashi 68 cikin ɗari na mazan suka ce sukan yi kwaɗayin wani abinci. Saboda haka kada kowa ya ga kamar shi kaɗai ne. Abin da ya rage shi ne mu san daga ina yake fitowa.

Inda jiki yake faɗin gaskiya

Akwai wuraren da jiki yakan nemi ainihin abin da ya rasa, ba kuskure. Na fari shi ne ruwa. Ƙishirwa ba ta ƙarya. Na biyu shi ne abinci gaba ɗayansa. A 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a Jami'ar Minesota ta Amurka da maza 36 waɗanda suka ba da kansu. Aka rage musu abinci kusan rabi har mako 24, suka rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Tunaninsu duka ya koma kan abinci. Hirarsu abinci, mafarkinsu abinci, waɗansu har suka shiga tara littattafan girki. Wannan ya nuna mana cewa wanda ba ya ƙoshi, kwaɗayinsa ba rashin tarbiyya ba ne. Yaron da ya zo makaranta bai karya kumallo ba, idonsa ba zai bar farantin mai ƙosai ba.

Na uku shi ne gishiri. Fulani makiyaya sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Shi ya sa suke ba shanu kanwa da gishiri, shi ya sa kuma a ƙarshen damina makiyayan Nijar suke kora garkunansu zuwa filayen Ingal masu gishiri. Ciyawa ba ta da gishiri isasshe, dabbar kuwa takan neme shi da kanta.

A jikin mutum akwai waɗansu 'yan ƙananan sassa biyu, ɗaya a kan kowace ƙoda, waɗanda suke hana gishiri zubewa cikin fitsari. In sun lalace, gishirin jiki sai ya yi ta tsiyayewa. Wani likitan Landan, Thomas Addison, ya bayyana wannan cuta a 1855, ana kuma kiranta da sunansa. A 1936 wani masani a Jami'ar Johns Hopkins, Curt Richter, ya cire wa ɓeraye waɗannan sassa. Waɗanda aka ba su ruwa zalla suka mutu. Waɗanda aka ajiye musu ruwan gishiri a gefe suka yi ta sha, suka rayu. Ba wanda ya koya musu.

A 1940 Richter da wani likitan yara, Lawson Wilkins, suka ba da labarin wani yaro mai shekara uku da rabi. Tun yana wajen shekara ɗaya yake lashe gishirin da ke kan biskit, in ya ga mazubin gishiri sai ya yi ta kuka sai an ba shi, yana cinsa gaya. Iyayensa suka ƙyale shi, ya rayu. Da aka kwantar da shi a asibiti don a bincike shi, aka sa shi a kan abincin da ake ba sauran yara, ba ƙarin gishiri. Bayan kwana bakwai ya mutu. Sai daga baya aka gane waɗannan sassa nasa ba sa aiki, kwaɗayin nan ne yake riƙe da ransa.

Amma mu lura. Irin wannan cuta ba ta da yawa. Yawancinmu da muke son miya ta ji gishiri da dunƙule, ba rashi ne yake damunmu ba, harshe ne ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, har da wanda yake cikin dunƙule da burodi. Yawan gishiri yana kawo hawan jini.

Inda jiki yake yin shiru

Da a ce jiki yana roƙon dukan abin da ya rasa, da cututtuka da dama ba su same mu ba. Mai maƙoƙo a wuya sinadarin aidin ya rasa, amma ba ya tashi da dare yana marmarin kifin teku. Sai da gwamnati ta sa doka a riƙa zuba aidin cikin gishirin sayarwa, aka fara a Nijeriya a 1993, kafin maƙoƙo ya ragu. Yaro mai dundumi, wanda ba ya gani da almuru, bitamin A ya rasa, amma ba ya kukan a ba shi manja ko karas.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne ciwon kwashiyoko, wanda wata likita mai suna Cicely Williams ta bayyana a Akara a 1933. Yaron yakan kumbura, gashinsa ya yi ja, fatarsa ta yi ta saɓulewa. Ya fi kowa bukatar madara da ƙwai da wake, amma shi ne ba ya son cin kome. Sai an lallaɓa shi, cokali cokali. Uwar da ta ce, "Ai in yana so zai nema," za ta rasa ɗanta.

Akwai wani gwaji da mutane suke yawan kafa hujja da shi. Wata likita a Amurka, Clara Davis, ta ɗauki jarirai 15 da aka yaye, ta riƙa jera musu abinci iri iri sama da 30, kowane a kwanonsa, ta bar su su zaɓa. Ta ba da cikakken rahoto a 1939. Yaran suka yi girma lafiya lau. Sai aka ce, to, ga shi nan, jiki ya san abin da yake so. Amma mu dubi abin da ta jera: nama, hanta, ƙoda, ɓargo, ƙwai, madara, kindirmo, hatsi, ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Ba sukari, ba alawa, ba biskit, ba lemon kwalba. Duk inda hannun yaro ya faɗa, a kan abin kirki ya faɗa. Ita kanta likitar ta nuna cewa asirin yana cikin abin da aka jera. Aikin iyaye ke nan. Mu ne muke zaɓen abin da zai shigo gida, sa'an nan yaro ya zaɓi yawan da zai ci.

Alli, ƙasa da ƙanƙara

Yanzu mu koma kan yarinyarmu. Akwai wani irin kwaɗayi na abin da ba abinci ba: farar ƙasa, yumɓu, ƙasar suri, bangon ɗaki, alli, gawayi, toka, sitaci, ɗanyar shinkafa, ƙanƙara. An fi ganinsa ga mata masu ciki da yara. Ba a ƙasarmu kaɗai ba ne, an same shi a kowace nahiya. A Nijeriya wani masani, Donald Vermeer, ya rubuta a kan cin ƙasa a ƙasar Tibi a 1966. A 1985 kuma ya ba da rahoto cewa ƙauyen Uzalla kusa da Binin yana fitar da wajen tan 500 na yumɓun ci a shekara, ana kai shi kasuwannin Afirka ta Yamma.

Likitoci sun daɗe da lura cewa masu irin wannan kwaɗayi sau da yawa suna da ƙarancin jini, wato jikinsu ya rasa sinadarin ƙarfe wanda da shi ake gina jini. Sai a yi tsammani ƙarfen suke nema a cikin ƙasar. Amma ga abin mamaki. A ƙarshen shekarun 1960 likitocin Amurka suka ba da rahoton mutanen da suke tauna ƙanƙara kwano kwano kowace rana. Aka auna, aka tarar sun rasa sinadarin ƙarfe. Aka ba su maganin, cikin 'yan kwanaki kwaɗayin ya tafi, tun ma kafin jininsu ya gama dawowa. Ƙanƙara kuwa ruwa ce kawai, ba ƙarfe a cikinta. Wato jiki yana kuka da gaske, amma abin da yake nunawa da yatsa ba shi ne maganin ba. Kamar jariri ne da kunnensa yake ciwo, yana ta jan zanen uwarsa.

Ƙasa ma haka take. Ko da akwai ƙarfe a cikinta, ba irin wanda hanji yake iya tsotsewa ba ne. Yumɓu ma yakan kama ƙarfe da tutiya da suke cikin abinci ya fita da su, sai rashin ya ƙaru. A ƙasar Iran wani likita, Ananda Prasad, ya ga wani saurayi ɗan shekara 21 wanda girmansa bai wuce na yaro ɗan shekara goma ba. Abincinsa burodi ne, yana kuma cin yumɓu kusan rabin kilo a rana. Daga rahotonsa na 1961 ne aka fara gane cewa rashin tutiya yana hana mutum girma.

To, me ya sa ake cinta? Wata masaniya, Sera Young, wadda ta yi aiki da mata masu ciki a tsibirin Pemba na Zanzibar, ta tattara ɗaruruwan rahotanni daga ƙasashe dabam dabam a 2011. Ta ga bayanin da ya fi dacewa shi ne, yumɓu yana shafe cikin hanji, yana kwantar da tashin zuciya da gudawa. Shi ya sa mai laulayi take jin sauƙi in ta ci. Amma sauƙin nan yana da tsada. Ƙasa tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki, tana toshe hanji, tana cinye haƙora. Hukumomin kula da abinci na Ingila da Amurka sun yi kashedi a kan farar ƙasar da ake kaiwa can daga Afirka ta Yamma, domin an sami dalma da wata guba mai suna arsenik a cikinta. Mu kuwa mun san aikin dalma. A 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Dalma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan da ke ciki, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Ko dabbobi ba su tsira daga irin wannan kuskure ba. A Afirka ta Kudu shanun da ciyawarsu ta rasa sinadarin fosforas sukan yi ta gurgurar ƙasusuwan mushe. Wajen 1920 likitan dabbobi Arnold Theiler ya gano cewa guba da ke cikin ruɓaɓɓen mushen ce take shanye musu jiki ta kashe su. Bukatarsu ta gaskiya ce, amma hanyar da suka bi ta hallaka su. Da aka riƙa ba su garin ƙashi mai tsabta sai suka daina.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Rabon zuciya da sabo

In muka ajiye waɗannan, sauran kwaɗayin da muke ji yau da kullum, na tsire da kilishi da soyayyen abu da zaƙi, daga ina yake?

A Amurka abin da mata suka fi kwaɗayi shi ne cakulan. Aka yi ta cewa akwai wani sinadari a cikin koko da jikinsu yake nema. A 1994 waɗansu masana biyu a Jami'ar Fensilbaniya, Michener da Rozin, suka gwada. Suka ba masu kwaɗayin akwatuna a rufe, su buɗe ɗaya duk lokacin da abin ya motsa. A wani akwai cakulan sosai. A wani akwai farin cakulan, mai zaƙi da maiƙo amma ba garin koko. A wani akwai kafso cike da garin koko, wato dukan sinadaran suna nan amma ba ɗanɗano. A wani kuma kafso ne na banza. Cakulan sosai ya kashe kwaɗayin. Farin ya rage shi. Kafson koko kuwa bai fi na banzan ba. Ashe ɗanɗano da ƙanshi da yadda abin yake narkewa a baki ake nema.

Wani abin kuma, kwaɗayi yana bin ƙasa da al'ada. Da aka yi irin wannan tambaya a Masar a 2003, mata shida kawai cikin ɗari suka ambaci cakulan. A Japan mata da yawa shinkafa suka ambata. Jikin Bamisriya da na Ba'amurkiya ɗaya ne, abin da suka tashi da shi ne ya bambanta. Ɗanmu da ya tafi karatu ƙasar waje, fura da nono da miyar kuka yake mafarki, ba domin abincin can ya gaza gina jiki ba. A 2000 wata masaniya a Filadalfiya, Marcia Pelchat, ta sa matasa su rayu kwana biyar a kan wani abin sha guda ɗaya wanda yake da dukan abin da jiki yake bukata. Ba abin da suka rasa, amma kwaɗayinsu ya ƙaru sosai. Gundura ce. Duk wanda ya zauna a makarantar kwana ya san wannan.

Sabo ma yana da nasa rabo. Masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya nuna cewa kare yakan fara zubar da yawu da ya ji alamar da ya saba ji kafin a kawo abinci. Mu ma haka muke. Wanda ya saba tsayawa wurin mai tsire ran da aka biya albashi, ƙanshin hayaƙin kaɗai ya isa ya tsai da kekensa. Masu talla sun san haka, shi ya sa suke kafa tebur a ƙofar makaranta. Goro kuwa nasa ya wuce haka, gama yana da kafin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi. Wanda ya saba, in ya yini bai ci ba sai ciwon kai da kasala su kama shi. Wannan ba rashin abinci ba ne, jiki ne ya saba da abin da ba ya bukata, bayan 'yan kwanaki kuwa yakan sake. Gaskiyar masu iya magana, sabo turken wawa.

Rashin barci da damuwa suna ƙara wutar. A 2004 aka hana samari 12 barci a Jami'ar Shikago, awa huɗu kawai a dare har dare biyu. Yunwarsu ta ƙaru da kashi 24 cikin ɗari, ransu kuma ya fi karkata ga kayan zaƙi da na gishiri da na sitaci. Mai baƙin ciki ma yakan nemi lallashi a wurin abinci, ko da yake abinci ba ya taɓa abin da yake damunsa.

Mai ciki da maigidanta

A nan muna roƙon maza su saurara. Matarka mai ciki in ta ce tana son ɗanyen mangwaro da yaji, ko tsamiya, ko kwaɗon rama da tsakar rana, ba iyayi take yi ba. Ciki yana canja mata jin ƙanshi da ɗanɗano, har miyar da take so da ta zama abin ƙyama, abu mai tsami kuma yakan kwantar mata da zuciya. In abin ba mai cutarwa ba ne, kuma aljihu zai ɗauka, ka kawo mata da fara'a. Kulawar da ta gani tana da amfani ko da mangwaron bai ƙara mata jini ba.

Ke kuma uwargida, kada ki dogara ga kwaɗayi ya nuna miki abin da ɗanki yake bukata. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, tana bukatar wajen miligiram 1,000 na sinadarin ƙarfe kafin ta haihu, amma da wuya ki ji mai ciki tana marmarin hanta ko zogale. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha ƙwayar ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da ƙwayar folik asid kowace rana. Waɗannan su ne ƙwayoyin da ake ba ki wurin awo. Kada ki ɓoye su ƙarƙashin katifa domin wata ta ce suna sa ɗa ya yi girma a kasa haihuwarsa. Ƙarancin jini ne abin tsoro ran haihuwa, gama mace marar jini ba ta jure zubar jini. In kina cin ƙasa, ki faɗa wa ungozoma ko malamar asibiti. Ba abin kunya ba ne, sun saba ji.

Abin da za mu yi a gida

Ga waɗanda ba a yi musu faɗa, asibiti ake kai su: mai cin ƙasa, alli, gawayi, sitaci ko ƙanƙara kullum, mai cin gishiri gaya tare da kasala, jiri, ramewa da duhun fata, mai yawan ƙishirwa da fitsari da ci amma yana ramewa, gama wannan alamar ciwon sukari ce, da yaron da ya daina son abinci sam. Ku duba tafin hannu da cikin fatar ido da harshe. In sun ɗashe, a auna jini, a kuma duba tsutsa da zazzaɓin cizon sauro, gama su ma suna shanye jini.

Domin ƙarin jini a ci nama, kifi, wake, gero, daddawa, zogale da alayyafo. A haɗa da lemo, gwaiba ko tumatir, suna taimakon hanji ya tsotsi ƙarfen. Shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a raba shi da lokacin cin abinci. A daina hana yara da masu ciki ƙwai, ƙwai bai taɓa mai da yaro ɓarawo ba.

Sauran kwaɗayi na yau da kullum, kowa ya tambayi kansa: in aka kawo mini tuwo yanzu, zan ci? In za ka ci, yunwa ce, sai ka ci abincin kirki. In ba za ka ci ba, ka sha ruwa, ka kama wani aiki, sau da yawa zai wuce. In bai wuce ba, ka ci kaɗan a zaune, ka ji daɗinsa, ba laifi. Yara su karya kumallo kafin su fito. A riƙa sāke miya ko da kayan gona ne, domin gundura ita ce take kai su wurin mai alawa. Kada a mai da zaƙi ladan biyayya ko abin rarrashin kuka, gama yaro zai girma yana neman sukari duk ran da ransa ya ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukari kada ya kai kashi goma cikin ɗari na abincin yini, wato wajen ƙaramin cokali 12 ga babban mutum, kwalbar lemo ɗaya kuwa takan cinye fiye da rabin wannan.

Kakanninmu sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, gaskiya ne kuwa ga yawancin kwaɗayinmu. Amma kafin mu jefa wa wani wannan karin magana, mu fara duba tafin hannunsa. Mu dai mun koyi namu darasi. Washegarin ran da aka dawo da yarinyar nan daga asibiti, muka kira yaron da ya share fili a banza, muka roƙe shi gafara a gaban aji. Tun daga nan, in alli ya fara ɓacewa, mukan sa yara su jeru su buɗe hannuwansu, mu bi su ɗaya ɗaya muna dubawa.